Bindiga ba ta san ubangidanta ba

Duk wanda ya ratsa unguwar Koira Kano, cikin birnin Yamai, abin da zai fara cika masa ido shi ne dogayen katangu, da ƙyamaren ƙarfe, da masu gadi zaune bakin ƙofa suna dafa shayi. Sunan unguwar da Zabarmanci yana nufin gari mai daɗi, kuma mazaunanta, manyan ƴan kasuwa da ƙusoshin ma'aikatan gwamnati da baƙi ƴan ƙasashen waje, sun kashe dukiya mai yawa don kada wani ya ƙetaro daga waje ya ɓata musu wannan daɗi. Sai dai akwai haɗarin da katanga ba ta tare shi, domin a cikin gida yake kwana. Shi ne ƙaramar bindigar nan ta hannu, da ake kira pistole, wadda wani maigidan ke ajiyewa cikin aljihun tebur, ko ƙarƙashin matashin kai, ko cikin mota.

Dalilan ajiye ta ba ɓoyayyu ba ne. Akwai jami'in da aiki ya ɗora masa ita: ɗan sanda, jandarma, ma'aikacin duwan ko na gandun daji. Akwai ɗan kasuwar da ke bin hanyar Doso zuwa Ƙonni da Maraɗi da kuɗi a jikinsa, wanda labarin ƴan fashi ya sa ya nemi izinin hukuma. Akwai kuma wanda ya tarar da ita cikin kayan gado. Dukansu abu ɗaya ya haɗa su: ran da za su zauna su goge ta. A wannan zama na cikin kwanciyar hankali, babu ɓarawo babu abokin gaba, nan ne bindiga ta sha harbin mai ita, ko ɗansa, ko maƙwabcin da ke bayan bango. Maganar da ke biyo baya kuwa kullum guda ce: na zaci babu harsashi a ciki.

Doka kafin tsumma

Kafin a yi zancen mai da tsumma, wajibi ne a yi zancen takarda. A Nijar farar hula ba ya riƙe bindiga sai da izinin ofishin ministan cikin gida, bisa ƙa'idar da ta samo asali tun shekarar 1963, kuma kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗauri da tara ga wanda aka kama da makami ba bisa izini ba. A shekarar 1994, lokacin tawayen arewa, gwamnati ta kafa hukumar tattarawa da sa ido kan haramtattun makamai, wato CNCCAI. Bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995, an taru a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000 an cinna wa bindigogi fiye da dubu wuta a gaban jama'a, kamar yadda Mali ta yi a Tumbutu cikin 1996. Amma rushewar Libiya a 2011 ta sake buɗe ƙofa, makamai suka kwararo Sahel. Cibiyar Small Arms Survey ta birnin Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 bindigogi miliyan 857 ne ke hannun farar hula a duniya, kuma kimanin 117.000 daga ciki suna Nijar.

Saboda haka wannan bayani na mai izini ne. Wanda bindiga ta faɗo hannunsa ta gado ko ta tsintuwa, kada ya ce zai gwada ta ko ya goge ta. Ya bar ta inda take, ya kulle ɗakin, ya sanar da komisariya ko jandarmomi. Shi kuwa jami'in da ke riƙe da bindigar aiki, ƙa'idar barikinsa da umurnin mai kula da ɗakin makamai su ne gaba da duk abin da za mu faɗa nan.

Harsashin da ke ɓuya

Ƙananan bindigogi iri biyu ne. Akwai libarba, mai ganga da ke juyawa, galibi da ramuka 5 ko 6, kowane rami da harsashinsa. Akwai kuma pistole mai ɗura kanta, wadda harsasanta ke jere cikin wani gida da ake turawa ta cikin mariƙi. Irin ta biyu ta fi yawa a ƙasarmu: MAC 50 ta Faransa mai harsashi 9, Tokarev da Makarov na tsohuwar Tarayyar Sobiyet masu harsashi 8, Browning ta Beljiyam mai 13, sai na baya-bayan nan kamar Beretta da Glock.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe game da pistole shi ne, harsashi yana zama wuri biyu a cikinta. Yana zama cikin gidan harsashi, yana kuma zama cikin maƙogwaron bututu, inda yake jiran allura ta buge shi. Wanda ya zare gidan harsashi ya ajiye kan tebur ya fitar da na wuri ɗaya ne kurum. Na maƙogwaro yana nan, ba a ganinsa daga waje, kuma a yawancin bindigogi taɓa kunama ya isa ya tashe shi. Gaskiya ne wasu, irin su MAC 50 da Browning, an yi musu wata sakata da ke hana harbi in babu gidan harsashi; amma Tokarev da Makarov da Glock ba su da ita, kuma ko mai ita, sakata ƙarfe ce, tana cinyewa, tana karyewa. Wanda ya saba da bindiga ɗaya ya ɗauki wata da wannan sabo, ya shiga haɗari. Hausawa sun ce sabo turken wawa.

Don haka fitar da harsashi yana da jeri, kuma jerin ba ya juyuwa. Da farko a juya bakin bindiga inda ko ta tashi ba za ta taɓa kowa ba, yatsa kuma ya kwanta a gefenta, nesa da kunama. Na biyu a zare gidan harsashi. Na uku a ja murfin sama baya da ƙarfi, sau biyu ko uku, don na maƙogwaro ya faɗo. Na huɗu a tokare murfin a buɗe, a leƙa maƙogwaron da ido cikin haske, a sa ɗan ƙaramin yatsa a taɓa. Wanda ya fara jan murfi kafin ya zare gidan harsashi, zai ga harsashi ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, ransa ya kwanta. Alhali da murfin ya koma gaba ya riga ya ɗauko wani sabo ya ɗura. Dubawa da ido da yatsa kuwa dalilinta shi ne, ɗan ƙugiyar da ke fizgo harsashi takan gaji ko ta cika da datti, sai murfi ya je ya dawo bai fito da komai ba. Mai libarba shi ma ya buɗe ganga, ya zazzage, ya ƙirga abin da ya faɗo tafin hannunsa, sa'an nan ya duba ramukan ɗaya bayan ɗaya.

Wannan tsari ya ƙara nauyi ga mai Glock, bindigar Ostiriya da ta fito farkon shekarun 1980, domin ba a kwance ta sai an ja kunama. Duk wanda ya tsallake dubawa a kanta, da hannunsa zai harba.

Ina ne wurin da babu haɗari?

A gida irin na Koira Kano amsar ba ta da sauƙi. Harsashin milimita 9 yana fita da gudun da ya kai mita 350 cikin daƙiƙa ɗaya, yana kuma iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi in bai gamu da komai ba. Ƙofar katako, da tagar gilashi, da rufin kwano ba su tsayar da shi. Bulo mai rami ma ba abin dogaro ba ne. Daɓen siminti ko na karo kuwa mayar da shi yake yi, ya karkata inda ba a zata ba. Sama akwai bene, bayan bango akwai ɗakin yara ko rumfar mai gadi. Dabarar da barikokin soja suka daɗe da ita ita ce mafi arha: babban bokiti ko rabin tano cike da rairayi, a kafa bakin bindiga cikinsa duk lokacin da za a ɗura ko za a fitar. Yashi dai ba ya tsada a Yamai.

Bayan an tabbata babu komai ciki, a kwashe harsasai duka, har da gidansu, a kai wani ɗaki a kulle. Teburin da ake goge bindiga bai kamata a ga harsashi ko ɗaya a kansa ba. A zaɓi lokacin da yara ba su nan, a rufe ƙofa, a kashe talabijin, a ajiye salula. In aka buga sallama mutum ya tashi, to da ya dawo ya sake dubawa tun daga farko, kamar bai taɓa dubawa ba. Ba a wannan aiki da gajiya, ko da fushi, ko bayan shan maganin da ke sa barci, ballantana abin maye. Ba a yin sa kuma cikin fadar abokai, inda kowa ke son ya karɓa ya jinjina.

Ƙura, gumi da damina

Littattafan da ke zuwa tare da bindigogi an rubuta su ne a ƙasashe masu sanyi, mu kuwa ƙasarmu tana da nata abokan gaban ƙarfe. Na farko ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wadda ke shiga ko cikin akwati rufaffe. In ta tarar da mai ya yi yawa sai ta kwaɓu da shi, ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin ƙarfe duk lokacin da murfi ya motsa. Shi ya sa a ƙasar rairayi ƙarancin mai ya fi yawansa. Na biyu gumi: cikin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, bindigar da ke manne da ƙugu tana shan gishirin jiki wuni guda. Na uku raɓar damina, daga Yuni zuwa Satumba, da ke sa tsatsa cikin ƴan kwanaki. Kuben fata, komai kyan aikin baduku, yana riƙe danshi, ga kuma bagaruwar jima da ke taɓa ƙarfe. Na ɗauka ne, ba na ajiya ba. Har zanzaro yakan samu bakin bututun da aka manta da shi ya yi gininsa na laka a ciki.

Kayan aikin kaɗan ne: sandar goge bututu ta tagulla ko ta roba, buroshin tagulla daidai faɗin bututun, tsohon buroshin haƙori, ƙyallayen auduga masu tsabta, ruwan wankin bindiga da man bindiga. A sa tabarau, domin murɗaɗɗiyar wayar nan da ake kira rasor a matse take, takan kuɓuce ta nufi ido. A buɗe taga saboda warin magani. Man gyaɗa, da manja, da man kaɗe ba su da wuri nan: suna daskarewa, su yi danƙo, su riƙe allura. Esansi yana kama wuta, yana kuma lalata roba. Takardar yashi da wuƙa suna kankare rigar da ke kare ƙarfe daga tsatsa.

Kwancewa ta tsaya inda littafin bindigar ya tsaya: gangar jiki, murfi, bututu, rasor. Abin da ya wuce nan, wato cikin kunama da sakata, aikin gwani ne. A shigar da sanda ta bayan bututu, ta fito ta baki, domin gefen bakin nan shi ke daidaita harsashi, in ya ci rauni saiti ya tafi. A jiƙa buroshi, a ratsa shi har ya fita gaba ɗaya kafin a jawo shi, sa'an nan a bi da ƙyalle bayan ƙyalle har na ƙarshe ya fito fari. A ɗaga bututun wajen haske a leƙa ta baya: babu toshiya, babu tsaga, babu kumburi. A goge baƙin hayaƙin da ke fuskar murfi da ƙarƙashin ƙugiya. Mai kuwa ɗigo ne a kan hanyoyin da murfi ke zamewa, da shafa kaɗan a bayan bututu. Ramin allura da cikin gidan harsashi a bar su a bushe. Cikin bututu in an shafa mai don ajiya, a bi shi da busasshen ƙyalle.

Akwai wani abin lura ga masu Tokarev da sauran bindigogin da ke cin tsofaffin harsasan Gabashin Turai da Sin. Da yawa cikinsu ƙyastun da ke gindinsu yana barin wani gishiri cikin bututu bayan harbi. Mai ba ya narkar da gishiri. Ruwa ke narkar da shi. Sai a fara ratsa ƙyalle mai ruwan ɗumi, a busar sarai, kana a sa mai, kuma a ranar da aka yi harbin. Wanda ya bari har sati cikin damina zai tarar da bututu ya yi ƙuraje.

In an mayar da komai wurinsa, a sake tabbatawa babu harsashi, a kafa baki cikin yashi, a gwada murfi da sakata a ga suna aiki. Daga nan a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko a ɗauki yaro, domin harsashi da hayaƙinsa suna barin dalma a fata. Wanda ya tuna yaran Zamfara wajen 400 da gubar dalmar haƙar zinariya ta kashe a 2010 ya san ba ƙaramin abu ba ce. Tsummokaran ma kada a bar su inda yara ke wasa. Ana wannan gyara bayan kowane harbi. Bindigar da ke ajiye a duba ta wata-wata, wadda ake ɗauka a jiki kuwa a share bayanta kowane maraice.

Darasi daga nesa

Masu kallon finafinai sun san Bruce Lee. Ɗansa Brandon Lee ya rasu ranar 31 ga Maris 1993 a Amurka, wurin ɗaukar fim, yana da shekara 28. Wani kan harsashi ne ya maƙale cikin bututun libarba ba wanda ya leƙa; da aka ɗura harsashin wasa mai albarushi zalla aka harba, sai ya tunkuɗo maƙalallen da ƙarfin harbi na gaske. Bayan shekara 28, ranar 21 ga Oktoba 2021, a jihar Niyu Meziko, an miƙa wa ɗan wasa Alec Baldwin libarba aka ce masa babu harsashi mai rai cikinta. Ta tashi ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins. A 2024 kotu ta ɗaure matar da ke kula da makaman fim ɗin wata 18. Wuraren nan biyu cike suke da ma'aikata da ƙa'idoji a rubuce, amma aka rasa mutum ɗaya da zai buɗe ya duba da idonsa. Bindigar da aka miƙo maka, ko mahaifinka ne ya miƙo ta, kai za ka duba.

Labarin Brandon Lee yana koyar da wani abu kuma. In ana harbi a filin horo aka ji ƙara ta fito a raunane, a tsaya nan take, domin mai yiwuwa kan harsashi ya tsaya a hanya, na biyu kuwa fasa bututun zai yi. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin yana kallon gaba kamar daƙiƙa 30 kafin a buɗe. A kuma san cewa ba duk milimita 9 ne ɗaya ba: akwai 9x19 na MAC 50 da Glock 17, akwai 9x18 na Makarov, akwai 9x17. Abin da aka rubuta jikin bututu shi za a bi. Harsashin da ya yi kore, ko ya lotsa, ko ya sha mai, ko ya shekara cikin mota yana gasuwa, a mayar wa hukuma. Haka nan bindigogin ƙara, waɗanda aka ƙera don tsoratarwa wasu suka sauya su suna cin harsashi, ƙarfensu bai da ƙwarin wannan aiki: haramtattu ne, kuma sukan tarwatse a hannun mai harbi.

Makulli

Gyara bai cika ba sai an kulle. Gidan Bahaushe ko na Bazabarme ba gidan mutum biyu ba ne: akwai ƴaƴa, da ƴaƴan ƴan uwa da suka zo karatu daga ƙauye, da masu aiki, da baƙin suna da na biki. Yaro ɗan shekara 3 ko 4 yana iya jan kunamar wasu bindigogin, kuma babu maɓoyar da yara ba su sani ba. Saman almuru da ƙarƙashin katifa su ne wuraren da suke fara bincikawa. Wurin bindiga akwatin ƙarfe ne mai makulli, kafe da bango, ita babu harsashi, harsasai kuma cikin wani akwatin dabam, makullan a jikin maigida. A rubuta lambar bindigar a ajiye tare da takardar izini, don in an sace ta a kai rahoto a ranar. Yara kuma a gaya musu a fili: in kun ga bindiga, kada ku taɓa, ku fita, ku kira babba.

Wani zai ce, in ɓarawo ya shigo fa, ina lokacin buɗe akwati? Sai a tuna cewa ɓarawo mai yiwuwa ne ya zo, mai yiwuwa ne har abada bai zo ba, amma yara kullum suna cikin gida. Makulli yana da wani amfanin da ba a cika faɗa ba. Ranar ɓacin rai, ranar da kasuwa ta karye ko gardama ta yi zafi tsakanin miji da mata, ƴan mintocin da za a ɓata wajen neman makullai biyu sun isa zuciya ta sauka. Gidan da ke da mai fama da baƙin ciki mai tsanani, ya fi kyau bindiga ta bar shi gaba ɗaya, a damƙa ta ga hukuma har a samu sauƙi.

In kuwa abin da ake gudu ya auku, a danne raunin da tsumma mai tsabta da iyakar ƙarfi, kada a tsaya neman ciro harsashi, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 da ƴan sanda a 17, ko a garzaya babbar asibitin Yamai. Ɓoye mai rauni a gida don tsoron bincike ya sha mayar da rauni gawa.

Mutanenmu sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma wanda ya ce a yi tawakkali shi ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Takardar izini da hukuma ta bai wa mutum amana ce ta rayukan iyalinsa da na maƙwabtansa, ita kuwa bindiga ba ta san wanda ya saye ta ba, ba ta san ɗan wanda ya saye ta ba. A zare gidan harsashi, a ja murfi, a duba, a taɓa, a goge, a kulle. In kunne ya ji, jiki ya tsira.